Totur na jinkiri, Sport na zabura: me maɓallin ke canzawa a mota?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Na rabu da tsohuwar motata mai giyar hannu, ƙirar shekarun 1990, na koma sabuwa otomatik mai ƙaramin inji da turbo. A takarda sabuwar ta fi tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba, amma in na taka totur sai ta yi kamar tana shawara kafin ta tashi, alhali tsohuwar da na taɓa ta take amsawa. Kusa da giya akwai maɓalli mai Eco, Normal da Sport. In na sa Sport sai ta zama kamar wata mota daban. Shin Sport ƙarfi yake ƙara wa injin? Zai lalata shi in na bar shi kullum? Eco yana rage shan mai da gaske? Sannan wani ya ce in sayi wata ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa a totur, wai tana kawar da jinkirin. Me ka gani?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayoyinka huɗu ne, amma duk a wuri ɗaya suka haɗu: me ke faruwa tsakanin lokacin da ƙafarka ta motsa da lokacin da ka ji kujera ta turo bayanka, kuma wane yanki na wannan tsakanin maɓallin yake taɓawa. A dunƙule, a mafi yawan motoci Sport ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Yana sauya yadda kwamfutar motar ke karanta ƙafarka ne, da kuma giyar da take ajiye ka a ciki. Duk da haka abin da kake ji gaskiya ne, ba zato kake ba. Sai dai wani ɓangarensa saurin amsawa ne na haƙiƙa, wani ɓangaren kuma dabara ce ta sa ka ji kamar an ƙara maka. In ka iya raba waɗannan biyun, sauran tambayoyin za su warware da kansu.

Daga waya zuwa kwamfuta

Mutane da yawa sun ɗauka totur mai yake buɗewa. A injin fetur iska yake buɗewa, man ya biyo gwargwadonta, kusan awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur in aka auna da nauyi. A bakin bututun da iska ke bi ta shiga inji akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa a kan sanda, cikin abin da makanikai ke kira totur-bodi. In faifan ya tare hanya, inji na numfashi da ƙyar, yana silo. In ya kwanta daidai da bututun, iska ta samu hanya gaba ɗaya.

A tsohuwar motarka waya ce ta ƙarfe ta tashi daga totur har zuwa wannan faifan. Ka taka, ta ja, ya buɗe, babu mai shiga tsakani. Amma akwai wani hali na faifan da ba a cika faɗa ba: buɗewarsa da ƙarfin da inji ke bayarwa ba tare suke tafiya ba. Lokacin da inji ke juyawa a hankali, a ce juyi 1,500 ko 2,000 a minti, iskar da yake buƙata ba ta da yawa, don haka da faifan ya karkace kamar kashi ɗaya cikin uku, silindoji sun kusa samun duk abin da za su iya haɗiyewa. Ragowar tafiyar totur sai injin ya hau sama sannan take amfani. Shi ya sa tsofaffin motoci ke zabura da an taɓa su: kusan duk ƙarfin da suke da shi a wannan juyin suna zube maka shi tun a farkon taku. Ga kuma giyar hannu. Da ka saki kuloci, inji da taya a ɗaure suke, kuma kai ne ka zaɓi giyar tun kafin ka buƙace ta, babu wanda za a jira.

Totur mai lantarki ya fara shiga motocin kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, BMW 750i mai silinda 12 na cikin na farko, kuma zuwa ƙarshen shekarun 2000 wayar ta kusa ɓacewa daga sababbin motoci. Yanzu abin da ke ƙarƙashin ƙafarka sifirin ne da sensa guda biyu, wato na'urorin da ke auna takunka, suna aika wa kwamfutar inji, wadda makanikai ke ce wa biren-bos, wutar da ke hawa da sauka tsakanin sifili da bolt 5. An yi su biyu ne don kowace ta zama shaidar 'yar'uwarta. In suka saɓa, kwamfuta ta kunna fitilar gargaɗi ta rage ƙarfi, ta bar motar tana ɗingishi har a kai ta gyara. Faifan kuwa wani ƙaramin injin lantarki ne ke juya shi.

Canjin bai tsaya ga cire waya ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da zuwan irin tsarin Motronic ME7 na kamfanin Bosch, kwamfuta ta daina ɗaukar takunka a matsayin umarnin buɗe faifai kaza. Buƙata take ɗaukarsa: direba na son ƙarfin juyi kaza. Sai ta haɗa taka da ta wasu. Giyabos na roƙon a sassauta na ɗan lokaci zai canza giya, na'urar hana zamewa ta ga taya na neman sulɓewa, kwamfuresan esi ya kama yana son rabonsa, matatar hayaƙi da ke cikin salansa na son haɗin iska da mai ya tsaya daidai. Bayan ta auna duk wannan sannan ta yanke yawan buɗe faifai, yawan mai, lokacin tartsatsin fulogi da matsin turbo. Dokokin hayaƙi da na tsaro ne suka kawo mu nan, kuma ni ban ɗauke shi asara ba. Da wannan hanyar ce mota ke iya rage wa kanta ƙarfi cikin ƙiftawar ido in ta fara zamewa a kwana, tun direba bai ankara ba.

Yawa daban, jinkiri daban

A cikin kwamfutar akwai jadawali: taku kaza, a juyin inji kaza, ba da ƙarfi kaza. Maɓallinka jadawalin yake musanyawa. Ga misali don fahimta kawai, ba alƙaluman wata mota ba. Ka taka kashi 30 cikin 100. A Normal a ba ka kashi 30 na ƙarfin da ke akwai, a Eco a ba ka 20, a Sport a ba ka 50. Ka kai totur ƙasa, duka ukun su ba ka 100. Kamar rediyo biyu ne iri ɗaya, ɗaya da ka ɗan murɗa maɓallin sauti ya cika ɗaki, ɗayan sai ka murɗa rabi. Wanda bai sani ba zai rantse na farkon ya fi ƙarfi, alhali in an ƙure su duka ƙararsu ɗaya.

Wannan nakan nuna wa masu mota da idonsu, tunda gani ya kori ji. Ina ɗaura na'urar gwaji a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama tilas a motocin Amurka tun 1996 kafin wasu ƙasashe su bi, in fito da layi biyu a fuskarta, ɗaya na takun direba, ɗaya na buɗewar faifai. Mai mota na tuƙi a hanyar da ba cunkoso, ni ina gefe da na'urar a cinya. In ce masa ya riƙe ƙafarsa wuri ɗaya kada ya motsa, sai in miƙa hannu in danna Sport. Motar ta ɗan ja gaba, shi kuma ya ce wallahi bai taka ba. Da mun tsaya in juyo masa fuskar na'urar: layin takunsa na nan a miƙe, layin faifai ya yi tsalle sama daidai lokacin da na danna. Sannan mu gwada taku har ƙasa a giya ɗaya, sau ɗaya a Eco sau ɗaya a Sport, layin faifai ya hau ya tsaya wuri guda a duka biyun.

Wannan shi ne ɓangaren dabara. Bai rage jinkiri ko kaɗan ba, abin da za ka samu da babban taku ne aka ba ka da ƙarami. Jinkirin da kake kuka da shi daga wasu wurare yake zuwa, kuma girmansu ba ɗaya ba.

Lantarkin kanta, wadda aka fi ɗora wa laifi, ita ce mafi ƙarancin laifi. Saƙon sensa na isa kwamfuta nan take, kuma faifai na tashi daga rufe zuwa buɗe a kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Abin da ke akwai shi ne sassaucin da injiniyoyi suka saka da gangan. In ƙarfi ya faɗa wa giyabos farat ɗaya, sandunan da ke kai shi ga taya da robobin da ke riƙe inji sai su murɗe su sake, motar ta yi gaba ta yi baya, kawunan fasinjoji na kaɗawa. Don haka kwamfuta ke shigo da ƙarfin sannu a hankali cikin wani yanki na daƙiƙa. A motoci da yawa Sport na rage wannan sassaucin. Sauri ne na gaske, amma ƙarami ne.

Na turbo ya fi shi girma. Hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya farfelarsa, har sama da juyi 100,000 a minti, ita kuma ta cusa wa inji ƙarin iska. To a ƙaramin juyi da ƙaramin taku hayaƙin ba shi da yawa, farfelar lilo kawai take yi. Ka taka, inji ya fara ƙona ƙarin mai, hayaƙi ya ƙaru, farfela ta ɗauki gudu, matsi ya cika bututai, sannan ƙarfin nan da ka gani a takarda ya iso. Kafin ya iso, ƙaramin inji ne shi kaɗai ke jan motar, wadda mai yiwuwa ta fi tsohuwarka nauyi. A wannan ɗan tsakanin tsohuwar na iya fin ta da gaske. A injin dizal ma haka ne, har da ƙari, domin kwamfuta na riƙe man sai iska ta iso don kada mota ta tofar da baƙin hayaƙi.

Amma a otomatik, giyabos ne ke cin kaso mafi tsoka. An tsara Normal da Eco su kai ka giya ta sama da wuri, ta bakwai ko ta takwas in motar na da su, inji na gurnani a juyi 1,300 zuwa 1,600, domin nan ya fi tsimin mai. Ka zo wuce babbar mota, ka taka. Giyabos zai ɗan dakata ya tabbatar da gaske kake, tunda ba a so ya riƙa hawa da sauka duk sanda ƙafarka ta girgiza. Sannan ya saki giyar da yake ciki, ya sauko biyu ko uku, inji ya hau, turbo ya cika. Jira uku ke nan a jere, kowane sai na gabansa ya gama. A Sport kuwa tun kafin ka taka an riƙe ka giya ɗaya ko biyu ƙasa, allurar juyin inji na kan 2,500 ko 3,000, turbo a shirye. A nan Sport ke ba ka amsawa ta haƙiƙa, kuma a ganina yawancin wannan "wata mota daban" da ka ji daga nan ya fito.

Irin giyabos ɗin ma na da nasa hali. Mai kuloci biyu, irin DSG da kamfanin Volkswagen ya fito da shi a 2003, yana ajiye giya ta gaba a shirye bisa hasashen abin da za ka yi. In hasashen ya dace, canjin ko jin sa ba ka yi. In bai dace ba, kamar ka rage gudu za ka shiga shataletale sai ka ga sarari ka taka, dole ya saki wadda ya shirya ya ɗauko wata, kuma wannan shirun a bakin shataletale yana tayar da hankali. CVT kuma, wato giyabos ɗin da ba shi da matakan giya, yakan bar inji ya hau ya tsaya yana kuka, gudu na biyowa a baya, sai kunne ya ce maka motar ta makara ko da tana ja. Motar lantarki ce ta tsira daga duka: ba jiran iska, ba turbo, galibi giya ɗaya. Ita sassauta ta ma ake yi, kamar zaɓin Chill na Tesla, don kada fasinja ya ji jiri.

Sauran abin da maɓallin ke taɓawa

Da can aiki ɗaya maɓallin ke yi. Wanda ya tuƙa tsofaffin Toyota otomatik zai tuna ECT PWR, mai riƙe giya kawai. A 2004 Land Rover ya fito da Terrain Response, maɓallin zaɓar yanayin hanya, a motarsa Discovery 3, Ferrari kuma ya ɗora maɓallin zaɓi a kan sitiyarin F430, daga nan aka shiga yayin maɓalli ɗaya mai juya abubuwa da yawa. A Sport sitiyari kan yi nauyi domin an rage taimakon da lantarki ke ba hannunka, tayoyin ba su ƙara kama titi ba. Shokazoba na yin tauri ne kawai in motar na da irin waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, kuma yawancin ƙananan motoci ba su da su. Sauti ma ana wasa da shi, ta buɗe bawul a salansa ko ta lasifikar cikin mota, don an san in ƙara ta ƙaru jiki kan ɗauka gudu ne ya ƙaru. Abin da nake so ka duba a littafin motarka shi ne na'urar hana zamewa. A wasu motoci Sport, musamman Sport Plus ko Track, na sassauta ta, ta bar mota ta ɗan sulɓe kafin ta kawo ɗauki. Wannan ba na titin jama'a ba ne, balle ana ruwa.

Akwai motocin da zaɓi ke ƙara musu ƙarfi da gaske, amma tsiraru ne, kuma kamfani ba ya ɓoyewa. Motocin Hyundai N masu giyabos mai kuloci biyu na da maɓallin da ke ƙara matsin turbo na daƙiƙa 20. Dodge Challenger Hellcat ta 2015 ta zo da makulli biyu, baƙin na ba da ƙarfin doki 500, jan na sakin 707. A mota irin taka, in littafin bai faɗa ba, ka ɗauka babu.

Ga ra'ayina, bayan shekaru ina gwada motoci a hanya bayan gyara: zabura ba ita ce kyawun totur ba. Tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa 'yan santimita ce. In aka cusa rabin ƙarfin inji a cikin rubu'in farko, idon sawunka zai riƙa aikin awo ne a tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. A fita daga kwana, ko a jiƙaƙƙen titi, ko wajen shiga matsattsen wurin ajiye mota, wannan ne ke sa taya ta kwarza ko mota ta yi tsalle. Shi ya sa zaɓin ƙanƙara ke dusashe totur, a wasu motocin har ya tayar da su a giya ta biyu, zaɓin hawan duwatsu na motocin jeji ma haka, don kada ƙafar da gargada ke girgizawa ta riƙa zaburar da inji. Abin da direba ke buƙata shi ne taku iri ɗaya ya ba shi ƙarfi iri ɗaya kullum, a lokacin da ya zata. In motarka na da Individual ko Custom, wato zaɓin da kai ne ke haɗa shi da kanka, gwada totur a Normal, giyabos a Sport. In babu, ture sandar giya zuwa S ko ka sauko giya da hannu tun kafin ka fita wuce mota, ba bayan ka fita ba.

Mai da lafiyar inji

Sport ba ya lalata inji. Iyakar juyi ɗaya ce, kariyar zafi da ta matsi suna nan daram. Asararka mai ce, domin injin da ke juyi 3,000 a inda 1,600 ya isa yana ɓarnatar da ƙarfi wajen gogayyar ƙarafansa da zuƙar iska ta faifan da bai buɗe sosai ba. Sharaɗi biyu zan kafa maka. Kada ka matsa wa inji kafin baƙin mai ya yi zafi, kuma ka sani yana yin zafi ne bayan allurar ruwa ta riga ta kai tsakiya. Sannan bayan doguwar tafiya da gudu, yi mintunan ƙarshe a hankali kafin ka kashe, saboda turbo.

Eco na rage shan mai ta hanyar hawa giya da wuri, dusashe totur, rage aikin kwamfuresan esi, a wasu motocin kuma da sakin giya motar ta gangara da kanta in ka ɗaga ƙafa. A cunkoson gari yana taimakon mai nauyin ƙafa. Amma in sanyin motar ya ishe ka har ka riƙa nitsa ƙafa don ramawa, ka zubar da abin da aka tsimta. A babbar hanya kuwa, da gudu ɗaya a giya ɗaya, Eco da Normal kusan sha ɗaya suke yi, domin can turjiyar iska ce ke cin mai, ita kuwa ninki huɗu take yi in gudu ya ninka biyu. Kada ka ji tsoron Eco zai yashe ka a lokacin buƙata: a yawancin motoci kai totur ƙasa, har ka ji ɗan ƙas ɗin nan na ƙarshe, yana dawo da ƙarfin duka. In kuma ka lura motar na komawa Normal duk sanda ka tayar, ba ciwo ba ne. A zaɓin da mota ke tashi da shi ake auna hayaƙinta da shan manta a gwajin hukuma, irin WLTP da Turai ta fara aiki da shi a 2017.

Na'urar totur, da yadda za ka gane ko akwai ciwo

Ƙaramar na'urar da aka ba ka shawara ana soka ta ne tsakanin soket ɗin totur da wayoyin mota. Aikinta ta kumbura saƙon sensa: ka taka 30, ta gaya wa kwamfuta 50. Wato ɓangaren dabara na Sport, wanda ka riga kake da shi kyauta. Giyabos zai ɗan fi saurin saukowa tunda ya ɗauka ka nitsa ƙafa, amma ba ta taɓa turbo ba, ba ta taɓa sassaucin da ke cikin kwamfuta ba, kuma ƙarshen totur ya zama fanko domin an kai 100 tun ƙafarka na kan hanya. Ga shi ka saka baƙon abu a kan sensa biyun nan da tsaron motar ya dogara da su. Mara inganci, ko soket da bai zauna ba, na iya jefa mota cikin ɗingishi a tsakiyar hanya, kuma yana iya taɓa garantinka. Ni ba zan saka ta a mota mai Sport ba. Sake rubuta kwamfutar inji batu ne dabam: shi yana ƙara matsin turbo da ƙarfi na gaske, tare da ƙarin wahala ga giyabos.

Saura abin da na san yana ranka: lafiyar motar ƙalau, ko akwai ciwo? Wannan ba a yanke shi daga nesa, sai an tuƙa an ɗaura na'ura, amma ga alamun da nake bi. Jinkirin ɗabi'a iri ɗaya ne kullum, ɗan shiru sannan ja mai santsi. Na ciwo yana zuwa da tuntuɓe, ko shaƙewa, ko allura na hawa da sauka a silo, ko fitilar inji, kuma ƙaruwa yake yi. Abubuwan da na fi samu su ne totur-bodi da baƙin datti ya zagaye bakin faifansa, sensar awon iska da ta sha ƙura, filtar iska da ta toshe, fulogi ko kwayil da suka gaji, da tiyon turbo da ya tsage yana huci in an taka. Fetur da bai kai darajar da littafin ya nema ba yakan sa kwamfuta ta ja lokacin tartsatsi baya don kare fistin, motar ta yi sanyi, musamman da zafin rana. In an wanke totur-bodi, a tabbata an sake koya wa kwamfuta mazaunin faifai, in ba haka ba silo zai rikice. Akwai kuma biyu da ba sa buƙatar sifana: kafet da ya naɗe a ƙarƙashin totur ya hana shi kaiwa ƙasa, da ƙafar hagu a kan birki. Wanda ya taso daga giyar hannu, ƙafarsa ta hagu kan nemi abin takawa, su kuwa yawancin motocin yanzu in suka ga birki da totur tare, birki suke bi su yanke ƙarfi, sai direba ya ɗauka motar ce ba ta da kuzari.

Kafin ka je wurin kowa, yi wannan gwajin a miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, bayan inji ya yi zafi, kana Normal. Mayar da giya ta hannu, riƙe ta uku, kai allura 3,000, sassauta ƙafa kaɗan sannan ka taka rabi da sauri. In motar ta ja nan take cikin santsi, inji da totur lafiyarsu ƙalau. Sake yi a giyar nan daga 1,500, jiran da za ka ji yanzu na turbo ne. Sannan mayar da ita D, bar ta ta hau giyarta ta sama, ka maimaita. Duk abin da ya ƙaru a kan jiran na giyabos ne. In tun a gwajin farko ta yi tuntuɓe ko ta yi shiru, kai ta a ɗaura mata na'ura. In kuwa giyabos ne ya fi jinkiri, tambayi dillalin kamfanin ko akwai sabuwar manhajar giyabos ta ƙirar motarka, domin kamfanoni kan fitar da irin wannan gyaran bayan mota ta shiga kasuwa, kuma saka ta ba ya buƙatar a kwance komai.